Kwalbar da Yaya Tsaf Ta Wanke

Duk layin an san ƙa'idar Yaya Tsaf, har yara sun haddace ta: "Sabo ba tsafta ba ne." In ka kawo mata riga sabuwa fil a leda ka ce guga kawai kake so, sai ta ɗaga ta sama, ta shinshina wuyan, ta dube ka ta ce, "Hannu nawa ya taɓa ta kafin naka? Ka ƙirga?" Kafin ka ba ta amsa rigar ta nutse a baho.

Shagonta na wanki da guga ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da katako. Bahuna uku ne a bayan shagon, da igiyoyin shanya huɗu, da dogon tebur da ta shimfiɗa wa bargo. Dutsen guga biyu gare ta, na lantarki da na gawayi. Na gawayin gadon mahaifiyarsu ne. Tana da shekara goma sha tara mahaifiyar ta rasu, ta bar mata dutsen da ƙanwarta 'yar shekara shida, wadda kowa ke kira Auta. A ƙarƙashin teburin gugar nan Auta ta koyi rubutu, tururin sitaci na sauka a kanta, har ta girma ta zama malamar firamare. Yaya kuwa ba ta wuce aji huɗu ba, amma ta san tabon da ruwan zafi ke fitarwa da wanda ruwan zafi ke zaunarwa, kuma ta wari take gane rigar da aka wanke da gaggawa.

Mijinta direban motar haya ne, mutum mai son tsokana. Yakan ce wa baƙi, "Ni ma sai da ta jiƙa ni kwana biyu ta ɗauraye sannan ta yarda ta aure ni."

"Har yanzu ba ka fita ba," in ji ta, ba tare da ta ɗago daga guga ba.

Ciwon Auta da kumburin ƙafa ya fara. Takalmin makaranta ya daina shiga, fuska ta tashi, gajiya ta hana ta tsayuwa gaban allo. Likita ya ce ƙodojin biyu sun gaza. Shekara biyu cur ana yi mata wankin ƙoda sau uku a mako, Yaya na zaune gefenta tana hararar injin da ke juya jinin. "Abokin sana'ata ne," takan faɗa wa nas-nas, "amma ba ya ɗauraya da kyau. Dubi yadda yarinya ke fitowa a yamutse."

Ranar da sakamako ya nuna ƙodarta za ta zauna a jikin Auta, Yaya ta manta a asibiti take. Ta rungume nas, ta rungume mai shara, ta taka rawa a baranda da takardar a hannu har mayafinta ya zame. "Ƙodar mai wanki ce fa, Likita!" ta ce. "Ba ta san hutu ba. Ku dai sa ta, ku ja gefe ku sha kallo."

Haka kuwa aka yi. Washegarin aikin, ɗinki na jan cikinta, ta matsa sai da aka tura ta a keke zuwa gadon Auta. A gefen gadon wata jaka ce rataye, fitsari na ɗiga a ciki, garau, kalar ruwan zuma. Mace da ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da tabon fitsarin yara a zanen gado ta zauna tana kallon jakar nan kamar an ba ta zinariya.

"Auta, kin gani? Ta kama aiki!"

"Yaya, mutane na kallonki."

"Su kalla. Tawa ce."

Kafin a sallame su Likita ya zaunar da su, ya tura tabaransa goshi ya yi musu bayani dalla-dalla. Magungunan da Auta za ta riƙa sha, ya ce, suna kwantar da masu gadin jiki ne don kada su far wa baƙuwar ƙoda. To, in masu gadi sun yi barci, ɓarawo ma yakan sami ƙofa, kuma ƙofar da ƙwayoyin cuta suka fi bi ita ce hanyar fitsari. Sabuwar ƙodar a ƙasan ciki aka dasa ta, dab da mafitsara, tafiyar ba nisa. Akwai kuma wata siririyar roba da aka bari a ciki don ɗinkin ya warke, za a cire ta nan da 'yan makonni, ƙwayoyin cuta na son maƙalewa a jikinta. "Don haka ruwa da yawa, kada ki riƙe fitsari, sannan tsafta."

Da jin kalmar ƙarshe Yaya ta gyara zama. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ta mayar da Auta ɗakinta na ciki. Ta cire labule, ta tafasa zanen gado, ta goge hannun ƙofa safe da yamma da maganin fararen kaya, ruwan nan mai kaifin wari da take jiƙa fararen riguna a ciki. Masu zuwa dubiya daga bakin taga suke gaisuwa. Mijinta ya ce shi kam ya fara tunanin kwana a mota, don ko tari ya yi sai an bi iskar da tsumma. Auta ta yi kumatu, fatarta ta washe, ta fara jera littattafan ajinta tana lissafin ranar komawa makaranta. Gidan ya cika da dariya.

A mako na biyar zazzaɓi ya shigo. Ba mai zafi sosai ba, irin mai zuwa da la'asar ya tafi da safe. Auta ta ce tana jin ɗan nauyi a inda aka dasa ƙodar. A asibiti aka ɗebi jini, aka ba su wata 'yar kwalbar roba mai jan murfi, a rufe cikin leda, aka ce a kawo fitsarin farko na safe. Likita ya ce daga nan za ta fara shan wani magani na wucin gadi kafin sakamako ya fito.

Da asuba Yaya ta ɗauko kwalbar. Ta juya ta a hannu. Daga wace masana'anta? A wace mota? Kwana nawa a sito? Ta yage ledar, ta wanke kwalbar da sabulu, ta ɗauraye, ta jiƙa ta a maganin fararen kaya, ta zazzage. Ɗan abin da ya rage a gindin ta bar shi da gangan, don kariya. Sannan ta ƙwanƙwasa ƙofar Auta ta miƙa mata a kan farin tsumma.

Bayan kwana biyu sakamako ya fito: ba wata ƙwayar cuta da ta tsiro. Yaya ta yi ta murna a hanya. "Na faɗa! A gidana ƙwayar cuta za ta kwana? Da izinin wa?"

Zazzaɓin dai bai ji wannan labari ba. Aka sake ba su kwalba, Yaya ta sake yi mata hidima, har ta ƙara lokacin jiƙon. Sakamako ya sake fitowa wayam. A wannan karon Likita bai yi murmushi ba. Ya kwantar da Auta a asibiti, ya ce gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara ja baya da aiki.

"Abu biyu nake tunani," ya ce. "Ko ƙwayar cuta ce ta hau, ko jikin ne ya fara ƙin ƙodar. Maganin ɗayan kishiyar na ɗayan ne. In jiki ne, sai mu ƙara kwantar da masu gadi. In kuwa cuta ce muka ƙara kwantar da su, mun buɗe mata gida ke nan. Fitsari ya ce ba cuta har sau biyu. Ranar Alhamis zan sa allura in ɗebo ɗan tsoka daga ƙodar in duba."

Yaya ta dafa gefen cikinta, inda tabonta yake. Ba ta da wata ƙodar da za ta bayar. Ta tuna injin nan mai juya jini, da fuskar Auta in ta sauko daga kansa.

Tana zaune a baranda, wata mata gajera mai farar riga ta fito daga ƙofar da aka rubuta ɗakin gwaje-gwaje, tana tambayar 'yan'uwan malamar da aka yi wa dashe. Mai Gona ma'aikatan asibitin suke ce mata, domin aikinta ke nan: ta shafa fitsari a kan wasu 'yan faranta masu abinci a daskare, ta sa su a akwatin ɗumi, ta jira ta ga abin da zai tsiro. Shekara ashirin da biyu tana wannan noma.

"Ke ce yayarta? Bismillah, shigo daga nan bakin ƙofa, kada ki taɓa komai."

Yaya ta shiga tana duba kwanon wanke hannu da idon gwani. Ba laifi, ta ce a ranta.

"Wani abu ne ya hana ni sakat," in ji Mai Gona. "Da na duba fitsarin ƙanwarki a madubin likita, na ga sojojin jiki, alamar ana faɗa. Amma gonata ba ta fitar da ko tsiro ɗaya ba. Sojoji a fili, ba abokin gaba. Sau biyu. Sannan ga wannan." Ta ɗaga kwalbar ta biyu, wadda ta ajiye cikin wata leda. Takardar sunan da ke jikinta ta yi tamoji-tamoji, tawadar ta zuba. "Takardarmu ba ta jiƙewa haka. Kuma da na buɗe murfin, wani wari ya buge ni da ba na fitsari ba. Wa ke kula da kwalbar a gida?"

Fuskar Yaya ta haskaka. Ashe dai akwai mai lura da aikin kirki a asibitin nan!

"Ni ce," ta ce, ta dafa ƙirji. "Ai ba zan bari ƙanwata ta taɓa abin da ban wanke ba. Sabulu tukuna, ɗauraya uku, sannan maganin fararen kaya, ba na tsinka shi sosai. Na biyun ma sai da ya yi rabin awa a ciki. Ina barin ɗan kaɗan a gindi, kin san hanya da ƙura."

Mai Gona ta ajiye kwalbar a hankali. Ta rufe bakinta da bayan hannu. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Yaya," ta ce da ƙyar, "wannan maganin naki, me yake yi wa ƙwayoyin cuta?"

"Kashe su yake, har jikokinsu."

"To ni kuma me nake nema a cikin kwalbar?"

  Yaya ta dubi kwalbar, ta dubi farantan da ke jere a kan tebur, ta sake duban kwalbar.

"Da ransu nake son su," in ji Mai Gona, yanzu a tausashe. "Sai sun tsiro zan san ko su wane ne, in san maganin da ke jin su. Kwalbar nan an riga an kashe duk abin da ke cikinta tun a masana'anta, da zafin da ya fi na dutsen gugarki, sannan aka rufe. Ke kuma kina kashe mini shaidu tun a hanya. Waɗanda ke jikin ƙanwarki kuwa suna can suna hawa."

Yaya ta jingina da bango. Kwana tara. Kwana tara ana neman ɓarawo, ita ce ke bin sawunsa da tsintsiya.

"Ni na cuce ta," ta ce a hankali. "Da hannuna."

"Da hannunki kika ba ta ƙoda ma. Ajiye kukan nan, yau Talata ce, muna da lokaci." Mai Gona ta zaro sabuwar kwalba cikin ledarta. Yaya ta miƙa hannu, Mai Gona ta janye. "A'a. Hannu a baya."

Haka suka ratsa baranda, Mai Gona a gaba da kwalba, Yaya a baya da hannuwa a goye kamar ɗalibar da aka kama. Auta na kwance da ƙarin ruwa a hannu. Yaya ta tsaya a ƙarshen gado ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Auta ta kalli silin, sannan dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki.

"Wayyo ɗinkina! Yaya, na ji warin fa. Na ɗauka haka asibiti ke yin kwalabensu."

"Ki yi dariya, ai na cancanta."

"Ƙodarki ce ma ta ji warin gida ta yi lamo."

Nas ta taimaka aka ɗebi fitsarin yadda ya kamata, Mai Gona ta wuce da shi da kanta. Likita da ya ji labari ya sauke tabaransa daga goshi, ya goge, ya mayar. Ya ce a dakata da maganar allura, ya canza maganin wucin gadin zuwa na jijiya, sannan ya dubi Yaya ya ce, "Laifina ne ma. Na ce tsafta, ban ce ban da kwalba ba. Ban san da wa nake magana ba."

Washegari tun kafin a buɗe ɗakin gwaje-gwaje Yaya na bakin ƙofa. Ba ta buɗe shago ba, abin da ko ranar da ta haihu ba ta so yi ba. Mijinta da ya kawo ta ya ce, "Yau kuma addu'ar me za mu yi? Allah ya kawo datti?"

"Ka ce amin kawai."

Mai Gona ta iso, ta sa farar rigarta ba gaggawa, ta wanke hannu, ta buɗe akwatin ɗumi. Yaya na leƙe ta gilashin ƙofa, numfashinta na dusashe gilashin tana gogewa da gefen mayafi. Sai ta ga matar ta ɗaga wani faranti sama wajen fitila, ta juyo da murmushi har kunne.

"Yaya! Gona ta yi kyau!"

Farantin a rufe yake, ta kawo shi dab da gilashin. A kansa ɗigo-ɗigo ne masu ruwan hoda, sun yi cincirindo a gefe guda, sun bazu ɗai-ɗai a ɗaya gefen, suna sheƙi kamar an yayyafa 'yan duwatsun ado.

"Su ne? Su ne waɗannan?" Yaya ta tafa hannu. "Kai! Kai! Ga su nan kuwa, marasa kunya! Maigida, zo ka ga ɓarayin!"

"Kowane ɗigo gari guda ne," in ji Mai Gona. "Irin na hanji ne, su suka fi yi mana wannan ta'adi. A mazauninsu ba su da laifi, in suka ɓata hanya suka shiga mafitsara ne ake samun matsala."

Ta shafa ɗan kaɗan a gilashi, ta rina, ta saita madubin likita, ta bar Yaya ta sa ido sau ɗaya, hannu a baya. Da farko haske kawai ta gani. Sannan suka bayyana, 'yan guntaye jajaye kamar an karkaɗe zare a kan farin zane, ba iyaka. Shekara talatin tana yaƙi da su a baho, yau ta fara ganin fuskarsu.

"'Yan mitsi-mitsi da ku," ta ce musu, "ku ne za ku ci mini ƙoda?"

Saura a san makaminsu. Mai Gona ta shafe wani faranti da su, ta jera 'yan ƙananan takardu zagaye a kai, kowace da irin maganinta, ta mayar akwati. Ranar Alhamis da safe, ranar da aka sa za a yi allura, ta fito da shi. Ƙwayoyin sun rufe farantin kaf, sun hau har jikin takardu huɗu ba ko tsoro, ciki har da ta maganin da Auta ta fara sha a gida. Amma kewaye da takardu biyu akwai fili fes, zagaye, ba ko ɗigo.

Wannan kam Yaya ba ta bukaci bayani ba. Ta nuna mafi faɗin da yatsa daga nesa. "Nan an yi wanki."

"Shi za a ba ta," in ji Mai Gona.

Kwana biyu da fara shi zazzaɓin ya sauka bai dawo ba. A kwana na biyar gwajin jini ya nuna ƙodar ta koma bakin aikinta. Aka cire siririyar robar, aka soke maganar allura. Likita ya gargaɗe su cewa irin wannan cuta takan yi kome, don haka duk sanda aka ji zafin fitsari ko ɗumin jiki, a zo da wuri. Ranar sallama Auta ta tsaya a baranda ta shanye gorar ruwa guda a gaban yayarta, ta ce, "Na ba ma'aikaciyarki abin aiki."

Yanzu Auta ta koma gaban allo. Takan fita tsakiyar darasi in fitsari ya kama ta, 'yan ajinta sun saba. Kwalbar gwaji ta gaba tana kan kantar shagon, saman teburin guga, cikin ledarta. Ƙurar katakon maƙwabci takan sauka a kan ledar, mijin Yaya kuma ba ya wucewa bai nuna ba.

"Uwargida, ga ƙura can."

"Na gani."

"Ko in miƙo miki tsumma?"

"Ka fita mini daga shago."

Ranar asibiti kuwa, tana rako Auta sai ta zarce tagar ɗakin gwaje-gwaje, inda ake raba kwalabe. Ba wanda ya sa ta. Takan tsaya tana duban hannayen masu karɓa, kuma ba ta kuskure: mai farcen da ruwa ya cinye, mai tafin da sabulu ya tsattsage. Ranar nan wata dattijuwa ta karɓi kwalbar ɗanta, ta juya ta, ta kai ta hanci. Yaya ta matsa kusa ta kama mata hannu.

"Baba, na san abin da ke ranki. Kada ki wanke."

"'Yar nan, ai ban san hannun da ya taɓa ta ba."

"Zauna nan," in ji Yaya Tsaf, ta share mata benci da gefen mayafinta. "Bari in ba ki labari."